Tarkacen Uwaisu Gyartai

A Saulawa in ka tambayi gidan Uwaisu sai an tambaye ka wanne, domin akwai mai shayi, akwai kuma mai faci. Amma in ka ce Gyartai, ba mai sake yi maka tambaya. Za a nuna maka wani zauren ƙasa a bayan famfon burtsatse, wanda ƙyaurensa ya karkace tun shekarar da aka yi ruwan ƙanƙara, mai shi kuma bai ga dalilin miƙe shi ba tunda yana rufuwa.

Malam Uwaisu ɗinkin ƙwarya ya gada. Ubansa shi ya yi, kakansa ma haka. Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa don yawan sunkuyo, kuma ranar da aka yi rabon surutu ba ya gari. Za ka zuba masa gaisuwa, gida da iyali da gajiya da ruwa, ya sallame ka da "lafiya lau" biyu da "madalla" ɗaya, idonsa na kan basilla. Shekara arba'in da wani abu yana ɗaure jakarsa a bayan keke, ya ci kasuwar Ikara, ya ci ta Makarfi, in jiki da ƙarfi har Hunkuyi. Ko'ina ya je wurin zamansa ɗaya ne, kusa da Fulani masu nono, inda ƙwarya take da daraja har gobe.

Da roba ta shigo ƙasar sai ta cinye masa kasuwa. Baho na roba, bokiti na roba, har ludayi. Abokan sana'arsa suka watse, wani ya koma dakon rake a Makarfi lokacin mazarƙwaila, wani ya koma saƙa kwandon tumatir. Shi ya ƙi. Ya dai ƙara da ɗinkin bakin faifai, da toshe kwanon da ya huje, da gyaran silifas, don kada tukunya ta kwana a kife. Amma in ka tambaye shi sana'arsa, gyartai zai ce maka.

Akwai abin da sana'ar nan take koya wa mai ita wanda ba a faɗa a fili. Fasasshiyar ƙwarya tana nuna yadda aka yi ta fashe. Wadda ta suɓuce daga ka, tsagarta daga gindi take tashi. Wadda saniya ta taka, lotsawa take yi. Wadda tsufa ya ci, a hankali take darewa daga baki. Wadda kuwa aka ɗaga aka maka da bango tana da tata tsagar daban, daga gefe guda take watsuwa, sau da yawa har da ɓurɓushin jar ƙasa a ciki. Mata kan aiko masa da ƙwarya haɗe da labari: akuya ce, kaza ce, santsi ne. Uwaisu ya jujjuya ta a hannu, ya ce "Allah ya kiyaye gaba," ya kama aiki. Akuyoyin Saulawa sun ɗauki laifin da ba su ji ba ba su gani ba ya fi a ƙirga, shi kuwa bai taɓa wanke ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sai kuma maganar lamba. A ƙasar, in ana biki ko suna ko zaman makoki, kowane gida yana aika abinci, ƙore da kwanuka su taru a tsakar gida guda kamar kasuwa. Don kada a rikice wajen mayarwa, kowace mace tana da lambarta. A jikin ƙwarya da ƙarfe mai zafi ake yin ta, a gindin kwano kuwa da fenti ko jan farce. Wata tsani ce lambarta, wata jinjirin wata, wata ɗigo uku. Yarinya takan gaji ta uwarta, ta ƙara ɗan ɗigo don a bambance. Uban Uwaisu ya hore shi tun yana koyon huda cewa sakainar da ke ɗauke da lambar mutum ba a zubar da ita a juji, domin sunan mai ita ne, ba a barin ƙafa ta taka shi. Ko ka mayar, ko ka adana. To, mayarwar ce ba ta yiwuwa. In ya miƙa wa mace guntun da ya rage bayan gyara, sai ta ce, "Me zan yi da sakaina, Malam? Zubar mana." Shi kuwa sai ya jefa a buhu. Haka buhu ya zama biyu, biyu suka zama bakwai.

Matarsa Zulai ta sha yi masa mita a kan buhunan nan. Gajera ce mai yawan dariya, wadda ta karɓi rabonsa na magana ta haɗa da nata. Kullum cewa take wata rana kunamar da yake kiwo a cikin tarkacen nan za ta yi masa godiya. Amma ko sau ɗaya ba ta ɗauki guda ta sa a murhu ba, ko da damina ce itace ya jiƙe.

Shekara takwas ke nan da rasuwarta, bayan 'yar gajeriyar jinya. 'Ya'yansu sun riga sun kama gabansu. Autarsu Hafiza tana aure a Hunkuyi, tana koyarwa a firamare. Ranar da mata suka zo kwashe kayan ɗakin marigayiya, wata ta jawo wata tsohuwar ƙwarya daga ƙarƙashin gado, ta dare gida huɗu a hannunta don tsufa. Ƙwaryar auren Zulai ce, mai layi uku na zanen wuta da suka zagaye bakinta. A wuri ɗaya layukan sun yanke, domin akwai giɓi mai kusurwa uku a bakin, wanda duk mai ido zai ga wuƙa ce ta yi shi. Aka miƙa wa Uwaisu a zaure. Zai iya ɗinke ta cikin yini guda. Ya tambayi kansa, in ya ɗinke, wa zai buɗe ta?

Bayan sadakar arba'in, da gida ya yi tsit, ya farke wani buhun algarara ya shimfiɗa a ƙasa, ya jera gutsattsarin nan huɗu a tsakiya ya ɗinke su a jiki. Ya zauna yana kallo. Sai ya ga sun yi kaɗaici da yawa, Zulai kuwa ba ta taɓa zama ita kaɗai ba. Ya kwance buhun farko ya zazzage.

Daga nan abin ya kama shi. Kullum bayan la'asar, in ya dawo daga kasuwa ko gona, sai ya tura ƙyaure ya zauna. Buhu ɗaya ya cika, ya haɗa wani, har abin ya kai faɗin tabarma uku. Ba sakaina kaɗai ba, duk abin da hannun mutanen garin ya taɓa ya tsufa yana da wuri. Akwai gindin kwanon samira mai jan farce, da ƙyallen atamfa, da bakin faifai, da hancin silifas, da gutsuren madubi, da murfin waya, da wuri guda ɗaya, irin kuɗin da, da ya faɗo daga masakin wata Bafulatana. Ba hoton mutum a ciki, ba na dabba, ba ko harafi. In ka tsaya nesa za ka ga launin ƙasa-ƙasa yana juyawa yana faɗaɗa daga tsakiya, nan ya yi duhu, can ya yi haske, wani wuri ja ya tsaga shi. In ka matso sai ka ga lambobi.

Shi kaɗai ya san dokar jerin. Gidajen da suke aika wa juna tuwo, kusa da kusa ya sa su, da farin silin kaba. Gidaje biyun da suka shekara goma suna rigimar iyakar gona, baki da baki ya haɗa su, da baƙin zare mai kauri, ɗinkin ya karkace. Waɗanda suka rasu ya zagaye su da ƙyalle. Ƙoren da aka maka da bango kuwa, ninki biyu yake yi musu ɗinki, ko me ya sa, shi ma bai tsaya ya tambayi kansa ba.

Hafiza ce kaɗai ta taɓa gani. Da ta gama kallo ta ce, "Baba, ka san a Zariya irin wannan a bango ake ratayewa, a ba shi suna, mutane su zo kallo?"

"Sunan me?"

"Ko me mai shi ya ga dama."

"Tarkace," in ji shi, ya ci gaba da huda.

Da abin ya tsaya a bayan ƙyaure, da ba a yi wannan labari ba. Amma a daminar bana, cikin watan Agusta, aka kwana uku ana ruwa, rufin zauren ya yi yoyo, algarara ta sha ruwa ta fara warin ruma. Da rana ta leƙo a hantsin kwana na huɗu, Uwaisu ya kinkimo abinsa ya shanya a kan dangar ƙofar gida, daidai hanyar da mata ke bi zuwa famfo. Wayo bai kai masa nan ba.

Wadda ta fara tsayawa ita ce Mukarrama mai daddawa, maƙwabciyarsa ta katanga ɗaya. Ta ba hamsin baya, mijinta Malam Yahya ya rasu da daɗewa, kuma bakinta ba shi da linzami. A lokacin tana cikin ɓacin rai, domin sau uku a jere daddawarta tana lalacewa. Ta dafa kalwa, ta surfe, ta rufe kamar yadda ta saba shekara talatin, in ta buɗe sai ta tarar ta yi yauƙi da wani irin tsami. Kalwar tsohuwa ce, rana kuma ta ƙi fitowa, amma wa zai gaya wa Mukarrama haka? Ta riga ta yanke cewa akwai hannu a ciki, mai hannun kawai take nema.

Ta ajiye bokiti ta matsa. Ta ga madubi, ta ga ƙwayar wuri, ta ga jan zare. Sai idonta ya faɗa tsakiya, a cikin giɓin nan mai kusurwa uku, ta ga wata 'yar sakaina mai ƙafar kaza da ɗigo ɗaya, an ɗaure ta tamau da jan zare ninki biyu. Lambarta ce, wadda ta gada wurin uwarta.

Salatin da ta saka har bakin masallaci an ji shi. Kafin azahar mata sun cika wurin, kowace tana neman tata, kuma kowace ta samu. Wadda 'yarta ta yi ɓari ta samu. Wadda mijinta ya tafi Kudu ya daina kiran waya ta samu. Wadda kajinta suka mutu ta samu. Duk wata masifa da ta sauka a Saulawa cikin shekara takwas, ranar aka gano inda aka ɗinke ta. Ai kowa ya san mai sammu da guntun kayan mutum yake aiki. Ga guntun kayan gari guda a hannun mutum ɗaya, mutumin da ba ya magana, mai tura ƙyaure kullum bayan la'asar.

Uwaisu ya naɗe abinsa ya mayar ciki, yana zaton kwana biyu za a manta. Ba a manta ba. A masallaci wanda ke kusa da shi a sahu ya fara barin tazara. In ya miƙa hannu bayan sallama, sai a ba shi kan yatsu. Magana ta riga shi zuwa Makarfi. Ya yini a gefen masu nono, Bafulatanar da ya shekara ashirin yana ɗinke mata masaki ta wuce shi da tsagaggiyar ƙwarya a hammata, ta kau da kai. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Bai tara dukiya ba, bai yi sarauta ba, abin da ya mallaka a duniya shi ne mace ta aiko masa da kayan ɗakinta ba tare da fargaba ba. Shi ne ake ƙwacewa yana kallo.

Ranar Juma'a bayan an sauko, mai unguwa ya sa aka kira shi, aka ce ya zo da abin. Aka shimfiɗa shi a tsakar zaure. Maza suka zauna ciki, mata suka yi cincirindo a bakin ƙofa, Mukarrama a gaba. Wanda ya shigar da ƙarar babban ɗanta ne Bilya, magidanci mai sayar da taki da maganin feshi, wanda ba ya jimla uku bai ambaci marigayi ubansa ba.

Liman ya duƙa ya bi abin da hannu, ya juya bayansa, ya lalube ko'ina. Ya ce shi dai bai ga laya ba, bai ga rubutu ba, bai ga hatimi ba. Amma kuma, in ji shi, bai ga abin da ake yi da shi ba, ba a shimfiɗawa, ba a lulluɓa.

Mai unguwa ya dubi Uwaisu. "Malam Uwaisu, mun san ka, mun san mahaifinka. Mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, tarkace ne."

"Mun ga tarkace ne. Na me?"

"Ina ɗinkawa ne kawai, ranka ya daɗe."

Bilya ya gyara zama. "Baba Uwaisu, ni tambaya ɗaya gare ni. Me ya sa na mahaifiyata ne a tsakiya? Me ya sa shi aka ɗaure da ja, har ninki biyu? Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa sa-in-sa da kai ba. Me muka yi maka?"

Uwaisu yana da amsa, kuma da ya faɗe ta da an tashi. Shekara ashirin da bakwai da suka wuce, wata safiya, Zulai ta shigo zaure da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi, ta ce ta Mukarrama ce, wai akuya ta ture. Ya juya ta ya ga jar ƙasar bango a cikin tsagar. Ya ɗaga ido, Zulai ta ce, "Na ga fuskarta a kumbure. Kada ka tambaya." Uwar Mukarrama ba ta yi wata biyu da rasuwa ba a lokacin, ƙwaryar nan ita kaɗai ce abin hannunta da ya rage wa 'yarta. Ya harhaɗa ta, amma guntun baki, mai ɗauke da lambar, gefensa ya rududduge, ba zai riƙe zare ba. Sai an yi maho, kuma a duk buhunansa ba sakaina mai kauri da lanƙwasa irin tata. Zulai ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar aurenta, ta kara, ta ga sun yi daidai, ta miƙa masa wuƙa. Ya ce ba zai yanka ba. Ta ce in bai yanka ba ita za ta yanka, kuma ta san ɓatawa za ta yi. Da ya gama ta ce, "Ka ce a buhu ka samo. In ta sani ba za ta karɓa ba, kuma za ta san mun sani. Ka yi mini alkawari." Ya yi mata.

To, yanzu ya faɗi wannan a gaban Bilya? A gaban matan gari? Kuma in ya buɗe baki a kan guda, sauran da ke bakin ƙofa za su ce a faɗi nasu, alhali masu ɗinki ninki biyu a jikin buhun nan sun fi ashirin, mazan wasunsu suna zaune a zauren suna jan carbi. Ya dubi tarkacensa, ya ga ashe ba nasa ba ne shi kaɗai.

"Ba ku yi mini komai ba, Bilya," ya ce. "Wurin ne ya yi daidai da shi."

Aka yi guna-guni. Daga bakin ƙofa Mukarrama ta ce, "Kun ji ko! Wurin ne ya yi daidai!" Wasu samari suka ce a ƙone. Mai unguwa ya ɗaga hannu. Ya ce ba za a ƙone lambar mutane ba, kuma ba za a kama mutum da laifin da ba a gani ba. Amma kayan mutane ne, ba da izininsu aka ɗinka ba. Gobe Uwaisu ya zauna a ƙofar gidansa, duk mai son nata ya farke ya ba ta.

Hafiza ta ji labari a waya, ta hau acaɓa tun da sassafe ta iso idonta jawur. Ta ce ya bari ta naɗe shi ta tafi da shi Hunkuyi kafin kowa ya fito.

"In kin tafi da shi, Auta, an tabbatar ke nan," ya ce. "Kawo mini ruwa a gwangwani."

Ya shimfiɗa abin a ƙofar zaure, ya ɗauki 'yar wuƙarsa. Mata suka yi layi. Ba ya tambayar kowa lambarta. Da ya ɗaga ido ya ga fuska, hannunsa ya tafi wurin, ya tsinke zare, ya miƙa da hannu biyu. Wannan ma sai da ya ba wasu tsoro. Kaɗan daga ciki suka tsaya suka kalli inda aka sa su da waɗanda aka sa su kusa da su, jikinsu ya yi sanyi. Wata tsohuwa ta ce a bar nata, ita ba ta ga abin tashin hankali ba. Amma yawanci karɓa suka yi. Wata ta ƙulle a bakin zane, wata ko taku goma ba ta yi ba ta wurga a kwata. Uwaisu ya gani. Aikin shekara takwas yana zubewa a hannunsa, kowane zare da ya tsinka yana jin sa a ƙirji, amma bai yi gardama da kowa ba. Hafiza tana daga cikin zaure tana kuka a hankali.

Kafin la'asar abin ya koma algarara mai huji-huji, zare na reto ko'ina. Sai gutsattsarin Zulai huɗu a tsakiya, da na matattun da ba mai karɓa, da 'yar sakainar nan mai ƙafar kaza. Mai ita ba ta zo da wuri ba. Ta ce ba za ta yi layi a kan kayanta ba, sai da aka watse ta fito, ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"To, Malam. Ba ni abina."

"Sannu da fitowa, Babar Bilya."

Ya sunkuya. Ɗinkin ninki biyu ne, ya ɗauki lokaci, ita kuwa don kada ya yi wata dabara sai ta duƙa ta zuba wa hannunsa ido. Jan zaren ya warware, sakainar ta fita, ya miƙa mata. Ba ta karɓa ba. Idonta yana kan giɓin da ya buɗe, mai kusurwa uku, da layuka uku na zanen wuta da suka zo bakinsa ta hagu suka tsaya, suka tashi ta dama suka ci gaba.

Mukarrama ta san layukan nan. Shekara ashirin da bakwai tana wanke su. Suna jikin mahon da ke bakin ƙwaryar uwarta, layi uku da ba su fito daga ko'ina ba, ba su tafi ko'ina ba. Ta sha cewa a ranta gyartai ya rasa abin da zai liƙa mata sai mai zane.

Ta miƙe ta shige gida. Uwaisu ya zauna da sakaina a hannu, bai san ko ya ajiye ba. Can sai ga ta da ƙwaryar, ta yi baƙi don tsufa, tana ƙamshin daddawa. Ta durƙusa a ƙasa, abin da ba a taɓa ganin ta yi a ƙofar gidan kowa ba, ta kifa bakin ƙwaryar a kan giɓin. Layi uku suka haɗu da layi uku.

Da ta yi magana, muryar ba tata ba ce.

"Ta aurenta ce?"

Alkawari ya hana Uwaisu cewa i, ga shi kuma ba a buhu ya samo ba.

"Ta ce mini a tarkacenka ka samo." Ta shafa mahon da babban yatsa. "Ashe ta sani. Kai ma ka sani."

"Akuya aka ce mini, Babar Bilya."

"Jiya a gaban yaron nan, da ka faɗa, da ka huta."

"Asirin ubansa ne," in ji Uwaisu.

Nan ta fashe da kuka, kuka na gaske mai sauti, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka fita da Zulai. Matan da ke famfo suka ajiye bokitai suka matso. Ba ta rufe fuska ba. Ta bar su suka taru, sannan ta share ido da bakin mayafi, ta ɗaga murya yadda har na bayan danga za su ji, domin murya dai Allah ya ba ta.

"Ni na tara masa mutane, to ku ji da bakina. Ƙarya na yi wa bawan Allah. Kalwata ce tsohuwa."

Ba duka suka yarda a ranar ba, kuma abin da aka wurga a kwata ya tafi. Amma ta juyo ta tura masa hannunsa da ke riƙe da sakainar.

"Mayar da ni inda ka ciro ni, Malam. Kusa da ita."

Ya laluba gwangwani ya ɗauko jan zare. Sau uku yana kuskure kafar allura. Mukarrama ta karɓa, ta lashi bakin zaren, ta zura, ta miƙa masa.

"Ninki biyu," ta ce. "Kamar yadda yake."